Ku Tambayi Anti: Mutane sun yi mana Sallah, yaya zan yi in gode musu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da Sallah, da fatan an yi lafiya, Allah ya maimaita mana. Ni matar aure ce a nan Kano, yarana huɗu, maigidana direban A Daidaita Sahu ne. Saura kamar wata biyu Babbar Sallah ya yi hatsari ya karye a cinya, tun daga lokacin yake kwance, ɗan abin da muka tara duk ya tafi wajen magani, mai keken ma ya karɓi abinsa ya ba wani tunda ba balas, kuma ban ga laifinsa ba. Na riga na zaunar da yaran na ce musu bana fa ba ɗinki, na bara za mu wanke mu goge, babbar ta ce to Umma, ƙaramin kuwa kuka ya sa min.

Anti ana saura kwana biyar sai ga yaron telan layinmu da leda, kayan yaran nan ne su huɗu a ɗinke har da hular ƙaramin. Na yafa mayafi na je na ce malam an yi kuskure, ya ce ba kuskure, dama yana da awonsu, wani ne ya kawo yadi ya biya kuɗin ɗinki ya ce kar a faɗi sunansa. Washegarin Sallah maƙwabciyata ta aiko da cinya guda, abokan aikinsa sun yi watandar saniya suka cire masa kaso ba tare da ya zuba ko sisi ba, mai shagon da muke cin bashi ya aiko wai ya soke. Wallahi naman da na soya bana ko shekarun da yake da lafiya ban soya kamarsa ba, ina suya ina hawaye.

Damuwata biyu ce. Maigida abin ya tsaya masa a rai, ya ce mun zama abin tausayi a unguwa, ya sa na rubuta komai a littafi wai in ya miƙe zai biya kowa. Sannan ni kuma na kasa sukuni sai na san wanda ya yi ɗinkin nan, har na so in sa a sitatus ko zai gani. Me ya kamata in yi?

Daga ƙanwarki, uwar yara huɗu

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ce. Sai da na karanta wasiƙarki sau biyu, wajen hular ƙaramin nan na tsaya na kasa wucewa, domin wanda ya tuna da hula ba sadaka kawai ya yar ya wuce ba, ya zauna ya yi tunanin yaranki ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara da maigida don shi ne a kwance. Kar ki ga laifinsa, namijin da ya saba fita tun asuba ya dawo da cefane, rana ɗaya ya ga ana shigo masa da abinci gida yana kallo daga kan katifa, dole abin ya yi masa nauyi, kuma wannan nauyin alamar mutunci ne. Amma ki lallaɓa shi a ajiye littafin nan. Ba bashi aka ba ku ba. In ya miƙe ya ɗauki kuɗin cinya ya kai wa maƙwabcinku, ki yi tunanin yadda fuskar mutumin za ta koma, kamar an ce masa ba ma son zumuncinka ne, ga kayanka.

Ki samu lokacin da ransa yake wasai ki ba shi labarin Sayyidina Umar, yana cikin Bukhari da Muslim. Annabi (SAW) yakan ba shi kyauta sai ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata, sai Annabi ya ce masa ya karɓa, duk abin da ya zo maka na dukiya alhali ba ka roƙa ba kuma ba ka sa rai ba to ka karɓa. To ku waye kuka roƙa? Ke da bakinki kika ce kin shirya wanke na bara. Naman ma ai haƙƙinku ne, a Suratul Hajji aya ta 36 Allah ya ce a ci kuma a ciyar da mutum iri biyu, malamai da yawa sun fassara su da mai roƙo da kuma mai wadatar zuci wanda ba ya buɗe baki, kin ga tun kafin a haife mu an yanka wa irin gidanku kaso a cikin layya. Kuma in rashin yankan ne yake cinsa, a mazhabarmu ta Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, wanda yake kwance da karaya kuma ba shi da hali ba ta hau kansa ba.

Ki tuna masa kuma, mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Abokan aiki ba sa cire wa mutum kason watanda haka kawai, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda masu keke suke fama, wanda ya raba namansa a wannan yanayin akwai abin da ya gani. Ina kyautata zaton maigidanki ya sha ɗaukar tsohuwa kyauta ko ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare bai karɓi komai ba, shi ya manta, su ba su manta ba.

Sai maganar mai ɗinki. Ƙanwata ki bar shi a ɓoye. Na san yadda abin yake ci, kina kallon fuskar kowa a layi kina cewa ko wannan ne ko waccan ce, amma mutumin nan da gangan ya zaɓi hanyar, a Suratul Baƙara aya ta 271 an ce ɓoye sadaka a ba mabuƙata shi ya fi alheri, kuma cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Wannan yake nema, kar ki ɓata masa ciniki. Kar ki matsa wa telan, amana aka ba shi. Abin da za ki yi kawai ki ce masa ya isar da saƙo, kayan sun yi wa yara cif, sun je idi da su, uwarsu tana addu'a. Sitatus kuma ki haƙura da shi, maigida bai gama haɗiye abin ba, ki sa shi a idon duk wanda yake da lambarki sai ki ƙara masa ciwo, kuma masu gani ba duka ne masu taya murna ba.

Waɗanda kika sani kuwa su ƙafa za ki taka. Ki shirya yaran cikin kayansu ku shiga gidan maƙwabciyar ki zauna ki yi godiya sosai, ki ce ta miƙa ga maigidanta, washegari in kun haɗu ki sake cewa an gode da jiya, haka iyayenmu suke yi, godiya ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Kwanonta kar ya koma haka, ko ɗan cincin ne ko dambun nama daga wanda kika soya, ko kunun gyaɗa mai zafi, ki sa a ciki, yaron da ya kawo aike ki ba shi tukwici ko naira ɗari ce, ai yaba kyauta tukwici. Kar ki ce abin ya yi kaɗan, mu mata aka kira da suna a hadisi aka ce kar maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Abokan aiki da mai shago kuma wannan na maigida ne, ki sa masa kati ki miƙa masa waya ya kira su da bakinsa, za ki ga shi kansa ya samu sauƙi in ya ji muryarsu suna tsokanarsa yaushe zai dawo titi.

Sauran ki bar wa addu'a, kuma kar ki ɗauke ta a matsayin abin da ake yi in an rasa abin yi. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku samu abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har sai kun ga kun biya shi. Tirmizi kuma ya kawo cewa wanda ya ce wa mai kyautata masa jazakallahu khairan ya kai matuƙa wajen yabo. Ki koya wa yaran, bayan sallar magariba kowa ya ɗaga hannu ya ce Allah ka saka wa wanda ya yi mana ɗinki, ba sai sun san sunansa ba, wanda ake roƙo ya sani. In maigida ya nace sai ya yi wani abu da littafin nan, to ya riƙe shi har Allah ya ɗaga kafaɗunsa, baɗi ya duba layinku ya ga yaran wa za su wanke na bara, ya je wurin telan nan shi ma ya ce kar a faɗi suna.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Ni saurayi ne daga Maraɗi, wan babana ya aiko mana da rago bana saboda babanmu ya rasu, na tura masa saƙon murya a WhatsApp na yi godiya, amma inna ta ce ban kyauta ba. Ina laifina?

AMSA

Ɗana Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Inna ta fi ka gaskiya. Saƙon murya na abokai ne, wan uba kuwa uba ne, musamman yanzu da ya tsaya a gurbin ɗan'uwansa. In gari ɗaya kuke ka je da ƙafarka, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi, ka tafi masa da ɗan soyayyen naman ragon ko da yana da nasa, ka ɗauki ƙannenka su ma ya gan su. In nesa yake ka kira shi kai tsaye da safe, ka gaisa a natse, ka gaya masa ragon ya yi kyau kuma an raba wa maƙwabta, sannan ka miƙa wa inna wayar su gaisa.