Da gaske a ɗakin haya aka naɗi kundin Sweet Dreams na Eurythmics?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan ƙaramin sutudiyo, kwamfuta ɗaya da fiyano ɗaya da makirfo. Wani abokin sana'a ya ce min kundin nan na Eurythmics, Sweet Dreams (Are Made of This), wanda har yau ake jin kiɗansa, da tarkacen kaya aka yi shi a wani ɗakin haya, kuma kamfaninsu ma da farko bai yi na'am da waƙar da ta ɗaukaka shi ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ashe ke nan tsadar kayan aiki ba ta da wani amfani?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labari ya ba ka, kuma rabin da ya bari shi zai fi yi maka amfani.

Eurythmics mutum biyu ne. Akwai Annie Lennox, 'yar Aberdeen ta ƙasar Sikotland, wadda ta yi karatun busa sarewa a Royal Academy of Music da ke Landan, sai Dave Stewart, makaɗin jita, ɗan Sunderland a arewa maso gabashin Ingila. Kafin su ware su biyu, suna cikin wata ƙungiya mai suna The Tourists, wadda ta fitar da kundi uku, har wata waƙarta ta kai ta 4 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Ƙungiyar ta watse a ƙarshen 1980, ta bar su da bashi da rikicin kwangila. Soyayyar da ke tsakanin su biyun ita ma ta zo ƙarshe, amma suka ga ba su da dalilin raba sana'a. Kamfanin RCA ya ɗauke su, suka tafi Jamus wajen Conny Plank, furodusan da ya yi aiki da Kraftwerk tun suna tasowa, wanda sutudiyonsa ke kusa da birnin Kolon. Can suka yi kundinsu na farko, In the Garden. Ya fito a Oktoban 1981, kasuwa ta juya masa baya.

Ka riƙe wannan da kyau. Sun shiga sutudiyo na gaske, sun zauna da gwani na gaske, abin bai karɓu ba. Bayan haka ne suka je banki suka ci bashin fam 5,000, suka kama wani ɗaki a saman masana'antar firam ɗin hotuna a unguwar Chalk Farm da ke arewacin Landan, suka zuba kayansu a ciki. Babban abin da ke ɗakin shi ne rikoda mai layi takwas ƙirar Tascam, mai aiki da zaren tef mai faɗin rabin inci. Sai ƙaramin teburin haɗa sauti, da na'urar amsa-kuwwa, da 'yan fiyanon lantarki masu ƙirƙirar sauti da ake kira sintisaiza, da wata na'urar ganga ta kamfanin Movement mai allo irin na kwamfuta, wadda kaɗan aka ƙera irinta. Za ka ganta a bidiyon waƙar Sweet Dreams, Stewart na danna ta. Adam Williams, tsohon makaɗin bes (jita mai kaurin amo) na ƙungiyar The Selecter, shi ya taimaka musu wajen haɗa kayan da naɗar sautin. A wancan zamani manyan sutudiyoyin Landan layi 24 suke da shi a kan tef mai inci biyu, saboda haka kashi ɗaya cikin uku na filin da abokan gasarsu ke da shi kawai suka samu.

Kai da ka tashi da kwamfuta, sai na ɗan tsaya a kan abin da layi takwas ke nufi. Yau in ka so sai ka buɗe layi hamsin, kowace murya da mazauninta, ka dawo bayan wata guda ka rage wannan ka ƙara wancan. A tef ba haka ba ne. Ganga ta ci layi, bes ya ci layi, fiyano biyu sun ci biyu, babbar murya ta ci ɗaya, kafin ka ankara fili ya ƙare, ga kuma muryoyin rakiya ba a ɗauka ba. Dabarar ita ce a haɗe layi uku ko huɗu a juye su a kan layi ɗaya, a goge na asali a sake amfani da wurin. Daga lokacin da aka juye, shi ke nan, kamar gishirin da ya narke a miya: in muryar da ke ciki ta yi yawa ba ka da hanyar tsamo ta, sai dai a sake daga farko. Kuma kowane juyi yana ƙara wa tef shuu, yana rage wa sauti haske. Mai aiki a irin wannan hali dole ya yanke hukunci tun da wuri, kuma dole ya tambayi kowane sauti abin da ya zo yi. Shi ya sa in ka saurari kundin za ka ji fili a cikinsa. Abubuwan da ke kaɗawa a lokaci guda ba su da yawa, don haka kowanne ya fito da girmansa.

Ɗakin kansa ya shiga cikin kundin. Injinan yankan katako na aiki a ƙasa da rana, sai an jira sun yi shiru kafin a ɗauki murya. Abin da ba su da na'urarsa sai su nemo shi a kusa: kwalaben madara da aka zuba wa ruwa daban-daban don kowace ta ba da nata amo, da firam ɗin hoto da ake bugawa a bango. Masu ba da labarin kundin sun fi son wannan ɓangare, kuma yana da daɗin ji, amma a ganina kwalba ba ta sayar da faifai ko ɗaya ba. Abin da fam 5,000 ɗin nan ya saya musu da ya fi kowace na'ura daraja shi ne lokaci. A sutudiyon haya agogo ake biya, kuma kuɗin kamfani ne wanda zai cire daga cinikin mawaƙi daga baya, don haka akwai mai leƙowa ya ce a gaggauta ko a sauya. A nasu ɗakin suna iya kwana a kan sauti ɗaya, su watsar da shi da safe, babu mai tambayarsu. Kusan duk shekarar 1982 haka suka yi ta, suna fita wasa su biyu da kayansu a cikin tsohuwar tirelar ɗaukar doki, su dawo su ci gaba. Daga baya suka koma wani tsohon coci a Crouch End, wanda ya zama sutudiyon da aka sani da The Church.

Ita waƙar da aka sa wa kundin sunanta, yadda su biyun suka sha ba da labari, ta fito ne a ranar da zuciya ta ɓaci. Lennox na kwance a ƙasa cikin baƙin ciki, tana ganin tasu ta ƙare. Stewart na ta fama da na'urar ganga da sintisaiza har ya dace da wani bugu mai nauyi da wani zagayen kiɗa. Da ta ji sai ta miƙe ta hau ɗaya fiyanon ta ɗora nata a kai. In ka sa abin sauraro a kunne za ka gane cewa sanannen kiɗan nan da mutane ke ɗauka guda ne, layi biyu ne, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a na dama, suna cike wa juna gurbi. Kalmomin kuma ba na farin ciki ba ne ko kaɗan. Magana ce ta wadda ta gaji da duniya, tana cewa kowa da abin da yake nema, wasu su ci da guminka, wasu kuma su miƙa wuya a ci da nasu. Stewart ne ya ga duhun ya yi yawa, ya kawo ɗan guntun nan na tsakiya mai cewa a ɗaga kai a ci gaba.

Sai batun kamfani, wanda shi ma gaskiya ne, amma da dalilinsa. Kafin wannan waƙa, an fitar da uku daga cikin waƙoƙin kundin ɗaya bayan ɗaya a 1982. This Is the House da The Walk ko jadawali ba su shiga ba. Love Is a Stranger, wadda ni a wurina tana cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi, ta tsaya a ta 54. Kamfanin da ya ga kundi ɗaya ya faɗi, waƙa uku sun bi shi, ba za ka zarge shi da rashin kunne ba don ya yi ɗari-ɗari da ta huɗu. Ƙorafinsu, in ji Stewart, shi ne waƙar ba ta da amshi. Bahaushe zai fahimci wannan damuwa fiye da kowa, tunda mu waƙa in babu abin da 'yan amshi za su karɓa, ba ta zauna ba. Abin da mutanen kamfanin ba su lura da shi ba shi ne waƙar kusan dukkanta amshi ce. 'Yan layuka ne ƙalilan ake ta maimaitawa, kiɗan kuma tun daga daƙiƙar farko yake kama mutum, kafin a buɗe baki.

Kundin mai waƙa goma ya fito a Janairun 1983, waƙar ma a watan ta fito a Birtaniya. A hankali ta riƙa hawa har ta kai ta 2 a watan Maris, waƙar mawaƙiya Bonnie Tyler ce ta tare mata saman. Kundin ya kai na 3. Da aka ga haka sai aka sake fitar da Love Is a Stranger, waƙar da 'yan watanni kafin nan ta maƙale a ta 54, ba a sauya mata komai ba, ta haye ta 6. Duk mai son ya san yawan abin da ke cikin nasarar waƙa wanda ba shi da alaƙa da ingancinta, to ya dubi waɗannan lambobi biyu. A Amurka kuwa, Stewart ya ce wani mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo a Cleveland ne ya dinga sa waƙar daga cikin kundin, masu sauraro suka yi ta nema, sannan kamfanin ya motsa. Ta yi makonni a ta 2 a bayan waƙar ƙungiyar The Police, sannan a farkon Satumban 1983 ta hau ta 1. Kundin ya kai na 15 a can.

Akwai abubuwa biyu da suka taya su waɗanda ba a ɗakin Chalk Farm aka haɗa su ba. Na farko, kunnuwan jama'a sun riga sun saba da kiɗan sintisaiza, domin The Human League da Soft Cell da Yazoo sun share hanya a 1981 da 1982. Abin da Eurythmics suka ƙara shi ne murya mai zafi, wadda ta sha daga salon waƙar baƙaƙen Amurka, a kan kiɗan inji mai sanyi. Na biyu, tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, da aka buɗe a Agustan 1981 tana yunwar bidiyo, mawaƙan Birtaniya kuma su ke da shi a hannu. Bidiyon Sweet Dreams ya nuna Lennox da gajeren gashi rinanne ruwan lemo, sanye da kwat irin ta maza, riƙe da sanda a ɗakin taron manyan kamfani, ga kuma saniya tana yawo. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Shigar tata ta jawo surutu sosai a Amurka, har mujallar Newsweek ta sa ta a bangonta tare da Boy George, mawaƙin ƙungiyar Culture Club, a farkon 1984. A shekarar Eurythmics suka ci kyautar MTV ta sababbin mawaƙa, amma a Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ƙungiyar Culture Club ta kayar da su a wannan rukuni. A 2022 aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun mawaƙa a Amurka, a 2023 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa waƙar a jerin sautukan da ake adanawa don tarihi.

Kada sunan waƙa ɗaya ya sa ka ɗauka duk kundin haka yake. Wrap It Up, tsohuwar waƙar Isaac Hayes da David Porter da suka sake rerawa tare da mawaƙi Green Gartside, ita ce mafi rauni a kunnena, hayaniyarta ta fi daɗinta yawa. Kai da ke sana'ar, waƙoƙin da zan ce ka zauna da su su ne Jennifer da This City Never Sleeps. Ta biyun ta haura minti shida a kan zagayen bes guda da ƙarar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ta gundurar mutum. Ka ƙirga sautukan da ke cikinta, ka ga yadda ake shigo da su ɗaya-ɗaya.

To, tsadar kaya ba ta da amfani? Ban yarda da wannan fassara ba. Fam 5,000 a 1982 ba kuɗin wasa ba ne, kuma kayan nasu ƙanana ne kawai in an gwada da na manyan sutudiyo, ba tarkace ba ne. Kwamfutar da ke gabanka ta fi duk abin da ke ɗakin nan ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da suka shiga ɗakin da shi wanda ba a sayarwa a kanti shi ne kundi huɗu da suka riga suka yi, da shekarun hawa dandamali, da zaman da Stewart ya yi kusa da Conny Plank yana kallon yadda ake sarrafa sauti, da muryar da ko a wane makirfo aka ɗauka za ta fito. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. In kana son ka ɗanɗana abin da tef ya tilasta musu, ka ɗauki waƙa ɗaya ka hana kanka wuce layi takwas, in ka haɗe muryoyin rakiya ka goge na asali don kada ka samu hanyar komawa. In kuma za ka kashe kuɗi, fara da gyaran ɗakin da kake ɗaukar murya da lasifikar da kake auna sauti da ita, kafin sabon fiyano.

Su kansu Eurythmics ba su riƙe ƙarancin kaya a matsayin aƙida ba. Da kuɗi ya shigo sai suka faɗaɗa The Church, suka kira Michael Kamen ya tsara musu kiɗan masu goge na ƙungiyar makaɗa sukutum. Kundin da ya biyo baya, Touch, ya fito a Nuwamban 1983, wata goma kacal bayan wancan, kuma shi ne na farko da ya kai su na 1 a jadawalin Birtaniya.