Dalilin da ya sa aka sake buɗe maka sabon kati

Malam, ka tambayi me ya sa wani asibitin gwamnati ya sake yankar maka kati alhali an ce komai ya koma kwamfuta. Manhajar DHIS2 da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke amfani da ita, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita, alƙaluma take tarawa: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo. Ƙarshen wata ake cike fom daga rajista, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar. Sunanka ba ya cikin wannan lissafin. Fayil ɗin majiyyaci kuwa, kowane asibiti da tasa manhajar, galibi ba a haɗa su ba, wasu ma har yau takarda ce. Ka riƙa tafiya da takardar sallama da sakamakon gwajinka.