Tambaya da Amsa: Cin amarci a jirgin ruwa karon farko

Assalamu alaikum. Bikinmu saura wata huɗu, kuma mun yanke shawarar cin amarci a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Daga ni har ita ba wanda ya taɓa shiga. Ta ina za mu fara?
Wani ango, daga Kano

Wa'alaikumus salam, ango, Allah ya sanya alheri. Ku fara da takardu kafin zaɓen jirgi, domin a nan aka fi yin asara. Jirgi ɗaya kan tsaya a ƙasashe uku ko huɗu cikin kwana bakwai, kuma idan bizar ɗaya daga cikinsu ta gaza, ana iya hana ku hawa tun daga tasha, ko da kun ce ba za ku sauka a can ba, kuɗinku kuwa da wuya su dawo. Masu zagaya tekun Bahar Rum daga Basalona ko Jenowa suna buƙatar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga rukunin wasu ƙasashen Turai da ita, kuma idan jirgin zai leƙa wata ƙasa da ke wajen rukunin ya komo, dole ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. Masu tashi daga Dubai lokacin sanyi sukan bi ta Abu Dabi, Doha da Maskat. Akwai kuma jirgin Aroya na ƙasar Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca a cikinsa. Ku sa kamfanin ya rubuto muku bizar da mai fasfo irin naku yake buƙata a kowace tasha, kada ku tsaya ga maganar baki.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, ku riƙe katin rigakafin shawara, sunan da ke tikiti kuma ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Amarya ta je ɗaukar hoton yatsu na biza kafin a sa mata lalle, don lalle a kan yatsa yakan hana na'ura karanta zanen hannu.

Ku isa garin da jirgin zai tashi tun ana gobe, ku kwana a otal. Jirgin sama yakan makara, na ruwa kuma ba ya jiran kowa.

Ko a mota kaina juyawa yake. Ina tsoron in yi kwana bakwai ina amai a gaban angona. Akwai dabara?
Wata amarya, daga Zariya

Akwai, amarya, kuma rabinta a zaɓen ɗaki take. Goshin jirgi da hawa na can sama su suka fi lilo. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa-ƙasa, shi ya fi zama daram. Idan aljihu zai ɗauka, ku kama mai baranda, saboda iska da kallon inda sama ta haɗu da ruwa suna kwantar da jiri. Ku duba taswirar jirgin kada ku faɗa ƙarƙashin wurin rawa ko ɗakin cin abinci, inda ake jan kujeru tun asuba. Ku kuma faɗa musu tun wajen biya cewa gado ɗaya kuke so, domin yawancin ɗakunan ƙananan gadaje biyu ne da ake haɗewa.

Maganin jiri irin su Stugeron kafin jirgi ya motsa ake sha, ba bayan ciki ya hautsine ba, kuma yana sa barci. Citta ma tana taimakawa. Ki ga likita kafin tafiya, musamman idan ana zaton an samu rabo. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai sati 24 yayin tafiyar.

Yaya batun salla da abinci? Kuma matata ta haɗa turarukanta kaf za ta tafi da su.
Wani malamin makaranta, daga Maraɗi

Malam, mu fara da turaren, don nan ne za a yi ɓacin rai. Humra da turaren jiki ba laifi. Amma kasko, gawayi, kyandir, bona ta lantarki, dutsen guga da butar dafa ruwa duk ana ƙwace su a ƙofar shiga, inda ake haska kowace jaka. Gobara ita ce babbar fargabar ma'aikatan jirgi, kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufinsa, ƙwaya ɗaya ta turaren wuta ta isa ta tara muku jama'a a ƙofa. Ta turara kayan sawarta tun a gida, ta ƙulle su a leda, ƙamshin zai kai ta har ƙarshen tafiya. Kilishi da dambun nama ma a bar su, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje.

Abincin halal ana nemansa ne makonni kafin tafiya, a rubuce. Inda babu, kifi, ƙwai da ganyayyaki suna wadatarwa, sai dai a riƙa tambaya, don ana zuba giya a wasu miya da kayan zaƙi. Ku tafi da darduma da 'yar ƙaramar buta. Alƙibla tana sauyawa idan jirgi ya karkata, lokutan salla kuma suna bin inda kuke, don haka ku duba kafin kowace salla. Hukuncin ƙasaru da juyawar jirgi ana cikin salla ku ji shi daga bakin malaminku kafin ku tashi.

An ce da an biya tikiti an gama. Haka ne?
Wata mai karatu, daga Kumasi

A'a, 'yar'uwa. Tikiti ya ɗauke ɗaki da abincin manyan ɗakunan cin abinci. Ladan ma'aikata daban ne, kusan dala 12 zuwa 20 kan kowane mutum a kowane dare; ku biyu a dare bakwai kun doshi dala 170 zuwa 280. Lemon gwangwani, hotuna, intanet, yawon gari da ganin likitan jirgi duk da kuɗinsu, kuɗin likitan nan ne ya sa inshorar tafiya ta zama dole. A ciki da katin ɗaki ake sayen komai, ana cira daga katin banki ko kuɗin da kuka ajiye, don haka ku tanadi katin dala ko tsabar kuɗi. Waya kuma a kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, saboda a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam take bi, cajinsa kuwa ba kama hannun yaro.

Ranar farko akwai atisayen ceto, wajibi ne ga kowa. An tsaurara dokarsa bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a 2012, inda mutum 32 suka rasu. Idan kun sauka yawo, ku bi agogon jirgi, don wani lokaci yakan bambanta da na gari, kuma galibi ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi. Wanda ya bi yawon da jirgin ya shirya ana jiransa in motarsu ta makara. Wanda ya fita da kansa ya makara, shi zai biya kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba.