Filin Masu Karatu: Biki a Bakin Teku

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya ne, wato sha'awar da amare da angwaye suka fara yi ta kai biki gaɓar teku. Mun zaɓo biyar, mun taƙaita su.

Assalamu alaikum. 'Yata ce za ta yi aure nan da 'yan watanni, ita da angon sun kafe sai an yi bikin a bakin teku a Legas, wai a Instagram suka gani. Ni ko tekun ban taɓa gani ba. Wane wuri ya dace, kuma ta ina ake farawa? Uwar amarya, Gwammaja.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Ki fara raba ɗaurin aure da shagali. Ɗaurin aure waliyyi yake buƙata, da shaidu, da sadaki, da siga, kuma iyayen da za su yi wannan duk suna nan Kano. Babu dalilin kwasar dattawa tafiyar kusan kilomita 1,000 don a zaunar da su a cikin iska. A ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida kamar yadda aka saba, a yi kamu da yinin biki a gida, kowa ya samu ya zo. Abin da za a kai teku ƙaramar walima ce da hotuna, ta mutum 30 zuwa 50. Da zarar an haura haka, kuɗin jirgi da na masauki kaɗai sun isa su cinye abin da aka tanada don kayan ɗaki.

Sai batun wuri. Wanda ya san Legas ta da zai ce miki Bar Beach, to wannan babu ita yanzu, an cike wurin da yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic. Landmark Beach ma an rushe wani ɓangarenta a 2024 saboda aikin babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba. Don haka kada a yanke shawara da tsohon hoto, ko da hoton da ba a san yaushe aka ɗauke shi ba.

Na kusa da gari, irin su Oniru da Elegushi, suna da sauƙin zuwa daga Victoria Island da Lekki, amma wuraren shaƙatawar jama'a ne. Ranar Asabar da Lahadi za ki tarar da kiɗa daga kowace kusurwa, da masu hayar dawakai, da masu talla, da rumfunan da ake sayar da barasa. Eleko, can gaba a hanyar Lekki zuwa Epe, ta fi natsuwa, sai dai nisa da cunkoson motoci. Badagry tana yamma, wajen iyakar ƙasar Binin, ita ma tafiya ce. Tarkwa Bay da Ilashe kuwa sai da jirgin ruwa ake isa gare su. A ganinmu, ga iyali daga Kano masu tafe da gwaggonni da yara, wurin da mota ke kaiwa har bakin ƙofa ya fi, ko da bai kai wani kyau a hoto ba.

Ki sani kuma, Hajiya, “wurin jama'a” ba yana nufin kyauta ba, ba kuma yana nufin naki ba. Yawancin waɗannan wurare akwai masu kula da su da ke karɓar kuɗin shiga a kan kowane mutum, kuma biyan kuɗin bai hana wani ya ratsa ta bayan amarya da gajeren wando ana tsaka da ɗaukar hoto. Kafin a ba da ko kwabo, a tura mutum mai hankali ya je ya tsaya a wurin a irin ranar da irin lokacin da za a yi taron. Idan Asabar da la'asar za a yi, ganin safiyar Talata bai gaya miki komai ba. Ya auna tafiya daga inda mota ke tsayawa zuwa inda za a zauna. Taku 200 a cikin rairayi ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon gwiwa. Ya shiga banɗakin da kansa, ya ga ko akwai ruwa. Sannan ya zauna da mai kula da wurin a rubuta yarjejeniya: ina ne iyakar filin da aka ba ku, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuɗin shigar baƙi yana cikin kuɗin hayar ko daban ne, an yarda a shigo da abinci daga waje ko sai an biya, nawa ne na kyamara da na janareta, wa zai share wurin, kuma me zai faru da kuɗinku idan ruwan sama ya hana taro. Abin da ba a rubuta ba, a bakin ƙofa za a caje ku shi ranar bikin, lokacin da ba ku da bakin musu.

Mu mun riga mun zaɓi wuri. Wace rana da wane lokaci suka fi? Ango, Tarauni.

Malam, kada ka auna daminar Legas da ta Kano. A can ruwa yana farawa tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Watan Agustan nan yana yaudarar mutane: ruwan sama ya ragu, amma teku tana cikin haukanta a wannan tsakani. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. A cikinsa ma ka kauce wa makonni biyun ƙarshe na Disamba, domin garin yana cika da masu hutu, kuɗin jirgi da na otal su tashi, bakin tekun kuma ba masaka tsinke. Tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, a ranar aiki, shi ne zaɓinmu. Hazo yakan sauka har can a wasu kwanaki ya dusashe hoto, ya kuma jinkirta jiragen da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano, saboda haka amarya da ango su isa da kwana biyu, ba da safiyar ranar ba.

Akwai abin da mutumin tudu bai saba lissafawa ba, wato cika da janyewar teku. Sau biyu take cika a kowace rana, tsakaninsu kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wanda ya duba wuri yau da ƙarfe 4:00 ya ga fili fetal, bayan mako guda a daidai wannan lokaci yana iya tarar da ruwa a wurin. Wata ne ke jan ruwan, don haka kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinka za ta yi maka amfani: cikar ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16, ta fi rauni wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23. A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita ɗaya ba, amma gaɓar tana da gangara, igiyar ruwan kuma tana da ƙarfi, kuma jefi-jefi sai wata babba ta zo ta wuce duk inda sauran suka tsaya. Ana samun jadawalin cikar teku na Legas a intanet. Ka nemi ranar da ruwa zai kasance yana janyewa a lokacin taron. A wurin kuma akwai alamar da ba ta ƙarya: layin tarkace, robobi da itatuwa da ciyayi, da ruwa ya bari a inda ya kai na ƙarshe. A kafa kujeru aƙalla taku 30 a bayan wannan layin.

Game da lokaci, a wannan tsakani rana tana faɗuwa a Legas tsakanin 6:30 da 7:00, ta ɗan fi ta Kano jinkiri, kuma da ta faɗi duhu ba ya jira. A yi la'asar, a zauna da 4:30, a bar awa ɗaya ta ƙarshe don hotuna, a tashi da magariba. Gaɓar Legas kudu take kallo, rana kuma tana faɗuwa ta hannun daman mai fuskantar ruwa, ba cikin ruwan gabansa ba. Mai hoto ya san da haka kafin ya tsara inda amarya za ta tsaya.

Ina shirya bukukuwa a nan Kano, an ba ni irin wannan aikin karo na farko. Wane kaya zan canza? Wata mai shirya biki, Zoo Road.

'Yar uwa, kusan duk abin da kika saba da shi a ɗakin taro zai ba ki kunya a kan yashi, kuma iska ce silar yawanci. Da rana ta yi zafi iskar teku take tasowa, ta fi ƙarfi daidai lokacin da za ku zauna.

Turakun ƙarfe da ake kafa rumfa da su ba sa riƙewa a rairayi. Kowace ƙafar rumfa a ɗaure ta da buhun da aka cika da yashi aka binne shi kamar rabin mita, a kuma bar gefunan rumfar a buɗe iska ta wuce. Labule mai faɗi a bayan kujerar amarya da ango shi ne farkon abin da zai kife. A rage shi, ko a tsaga shi gida-gida. Balan-balan, kyandir da dogayen tulunan fure duk a bar su. Rumfa mai mita 6 a kan 6 tana ɗaukar mutum 35 zuwa 40 idan kujeru ne zalla, da tebura kuwa kusan rabin haka.

Kujera mai siririyar ƙafar ƙarfe nutsewa take, mai zama ya karkace. Ta roba mai faɗin ƙafa ta fi, ko a shimfiɗa katako a ƙasa a rufe da darduma. Hanyar da amarya za ta bi ma haka: kafet kawai a kan yashi naɗewa yake, sai an sa katako a ƙarƙashinsa. Janareta a ɗora shi a kan katako, mita 20 zuwa 30 daga jama'a, ta ɓangaren da iska za ta tafi da hayaƙin, wato can ta tudu. Wayoyin wuta kada mahaɗarsu ta taɓa yashi mai damshi. Ƙarar teku tana haɗiye murya, saboda haka ƙananan lasifika biyu ko uku a kusa da mutane sun fi babba ɗaya daga nesa, a kuma sa wa abin magana soso, in ba haka ba addu'ar da malam zai yi hucin iska kawai za a ji.

Abinci ya zo a rufe, a buɗe shi lokacin rabawa kawai. Tiren shinkafa da aka bari a buɗe minti goma ya gama cin yashi. Ki lissafa lita ɗaya da rabi na ruwan sha ga kowane mutum. Jihar Legas ta hana robar abinci ta soso tun Janairun 2024, kada ki yi guzurinta daga Kano.

Ki gaya wa ƙawaye tun wajen fitar da anko: takalmi mai tsini ba shi da aiki a nan, mayafin shifon sai da fil, goggoro a ɗaure shi ƙasa-ƙasa. Mai kwalliya ta san cewa iskar can mai laima ce, abin da ke zama a fuska a bushewar Kano a can narkewa yake.

Yaya batun sallah da alwala? Wasu sun ce ruwan gishiri ba ya alwala. Wani dattijo, Fagge.

Yana yi, Baba. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Sai dai kada kowa ya gangara bakin ruwa da sunan alwala. A ɗebo a buta, ko a tanadi jarka biyu daga gida. Alƙibla daga Legas gabas ce da karkata zuwa arewa. Idan mutum yana kallon teku, tana hagunsa da ɗan baya. A keɓe wa mata wuri da tabarmi da abin kariya.

Tunda an zo maganar gangarawa, wannan gargaɗin ya fi duk abin da muka faɗa a sama muhimmanci. Tekun Legas tana da wani jan ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi ta wani siririn layi, kuma sau da yawa inda ruwan ya fi kama da kwantacce nan ne yake. Iyon da aka koya a kududdufi ko a dam ba ya aiki a nan. Babbar riga ko leshi idan suka jiƙe nauyinsu kaɗai ya isa ya kayar da mutum a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Amarya da ango su tsaya a busasshen yashi, kada su juya wa ruwa baya a kusa da shi, kada kuma su hau duwatsun da aka jera a gaɓa. A wakilta manya biyu waɗanda ba su da wani aiki sai kallon yara. Wanda ya zaɓi wurin da ake zuwa da jirgin ruwa, kowa ya sa rigar kariya, kada a yi lodi fiye da ƙima, a kuma dawo da sauran haske.

Ba mu da ƙarfin zuwa Legas. Tiga za ta yi? Amarya, Kurna.

Za ta yi, kuma a hoto ba kowa zai bambance ba. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, bai wuce kimanin kilomita 70 daga birni ba, ana zuwa a dawo a yini. Ba ruwanki da cika da janyewar kullum, amma ruwan yana hawa da damina ya sauka da rani, inda ya janye kuma taɓo ne mai kama da busasshiyar ƙasa, mota tana iya kafewa. A nemi izinin masu kula da dam ɗin, a gaida mai unguwar wurin kafin ranar. Kada a bar yara su yi wasa a ruwan, domin ruwan dam da ba ya gudu yana iya ɗauke da tsargiya. A taso da wuri yadda magariba za ta same ku a hanya ko a gida, saboda sauro da kuma tuƙin dare.