Dashen Ɓargo da Cutar Sikila: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 yana da sikila. An ce dashen ɓargo na raba mutum da ita gaba ɗaya. Da gaske ne? Wata uwa, Zariya.

Amsa: Da gaske ne, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ke samar da jini, don haka in aka kashe ɓargon mai sikila da magunguna masu ƙarfi, aka zuba masa na mai lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini, sai jikinsa ya fara yin jini irin na wanda ya ba shi. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ne ya share wannan hanya. A 1957 ya wallafa gwajinsa na farko, kuma marasa lafiyar ba su rayu ba, amma bai saki aikin ba har ya kai ga lambar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 da aka yi wa dashe saboda kansar jini, sai sikilarta ma ta tafi. A Najeriya kuwa, Farfesa Nosakhare Bazuaye ne ya fara yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Sai dai aikin ba wasa ba ne. Yaro zai yi makonni a killace garkuwar jikinsa a ƙasa, magungunan na iya hana shi haihuwa, kuma ana rasa rai. Ko ya warke, 'ya'yansa za su gaji ƙwayar S mai jawo sikila daga gare shi, don haka gwajin jini kafin aure na nan daram.

Tambaya: Ni ne mahaifin wata yarinya mai sikila, rukunin jininmu ɗaya, amma aka ce ɓargona bai dace ba. Me ya sa? Wani uba, Maraɗi.

Amsa: Malam, ba rukunin jini ake dubawa ba. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, da su garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo. Bafaranshe Jean Dausset ne ya fara gano su a 1958. In ba su dace ba, jiki na iya ƙin dashen, ko kuma sabon ɓargon ya ɗauki jikin 'yar taka a matsayin abokin gaba, ya auka wa fata da hanji da hanta. Wannan na biyun shi ya fi tayar mana da hankali.

Rabin alamominta daga gare ka suke, rabi daga mahaifiyarta. Shi ya sa muke fara gwada waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita, kowannensu na da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa. Mai AS ma na iya bayarwa. Da irin wannan dacewar, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kan tsira. Kada ka yanke ƙauna: masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun buɗe hanyar dashe daga iyaye masu rabin dacewa, ka tambayi likitan jininku a kai.

Tambaya: Ina so in ba ƙanena ɓargo, amma an ce daga laka ake zuƙa, mutum ya shanye. Wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Ba a taɓa laka, 'yata. Daga ƙashin ƙugu ake ɗiba bayan an yi miki allurar barci. Wurin zai yi tsami na 'yan kwanaki, ɓargon kuma ya mayar da kansa cikin makonni. Allah Ya yi miki albarka.

Tambaya: Ana tallar wani garin magani mai tsada, wai ƙwayoyin halitta ne masu warkar da sikila ba sai an yi dashe ba. In saya? Wani magidanci, Sakkwato.

Amsa: Kada ka saya, Malam. Wannan abu yana ƙona mini rai, don iyayen da ciwo ya riga ya tatse ake cuta. Babu garin da za a sha ya canja ɓargo. Kuɗin nan ka kai yaron asibitin masu sikila, a duba ko ya dace a ɗora shi kan maganin hydroxyurea, a ci gaba da folic acid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya riƙa shan ruwa sosai, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi a garzaya da shi asibiti a ranar.