Wace Na'urar Ji Ce Ta Dace Da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin walda da bugun ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, yanzu kuma jinsa ya yi rauni, har yakan dawo daga masallacin Juma'a bai fahimci huɗuba ba. Na ga ƙananan na'urorin kunne masu araha a shagunan Adum, yayana da ke Amurka kuma ya ce zai aiko da irin wadda ake saye a can ba tare da takardar likita ba. Wacce ta fi, ga shi ƙarfinmu bai taka kara ya karya ba? Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin ku kashe ko sidi ɗaya, ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a auna jinsa, domin wani lokaci dattin kunne ne ya toshe hanya, ko kuwa akwai mugunya, waɗanda kuma magani suke bukata, ba na'ura ba.

Idan ƙarar ƙarfe ce ta cinye jin, kamar yadda nake zato, to ba dukkan sautuka ne suka ɓace daidai wa daida ba. Siraran sautuka ne suke fara tafiya, irin su "s" da "f" da "sh", yayin da masu kauri suke nan, shi ya sa dattijo zai ce yana jin muryar liman sarai amma ba ya rarrabe kalmomin. Wannan shi ne ma'aunin da za ku ɗora kowace na'ura a kai.

Yawancin masu arahar da ake sayarwa a shaguna aikinsu ɗaya ne: su ɗaga duk wani sauti da ya shigo. Za su ɗaga muryarki, su ɗaga ƙahon motocin haya na tirotiro da ƙugin fanka da hayaniyar kasuwar Kejetia gaba ɗaya, sai kan Baba ya ɗauki ciwo, kalmomin kuma su ci gaba da cakuɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne wasunsu ba su da iyakar ƙara, don haka suna iya ƙara lalata ɗan jin da ya rage. Ban ba ku shawarar sayensu ba.

Ta wajen yayanki ta fi wannan nesa ba kusa ba. Tun watan Oktoba na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da damar sayar da irin waɗannan na'urori kai tsaye, amma ga wanda ya kai shekara 18 kuma raunin jinsa kaɗan ne ko matsakaici. Wanda nasa ya yi tsanani ba za su ishe shi ba. Da yawansu kuma sai da wayar zamani ake saita su, idan suka lalace kuwa garantinsu yana can ƙetaren teku. Kada ya saya sai kun aika masa da sakamakon gwajin.

Zaɓina ga Baba shi ne wadda ake maƙalawa a bayan kunne, wadda ƙwararre zai saita ta bisa sakamakon gwaji, a kuma yi mata abin toshewa daidai da ramin kunnensa. Ta fi ƙanana masu ɓuya cikin kunne ƙarfi da juriya, yatsun dattijo kuma sun fi iya sarrafa ta. Sai dai inshorar lafiya ta NHIS ba ta biyan kuɗin na'urar ji, saboda haka ku nemi mafi sauƙin samfuri, kuma idan kuɗin ɗaya kawai kuke da shi, ku bar ƙwararren ya zaɓi kunnen da za a sa wa.

Sannan a yi lissafin batir, domin nan ne araha takan koma tsada. Mai lamba 10, mai alamar ruwan ɗorawa, 'yan kwanaki yake yi, mai lamba 13 yakan kai mako guda zuwa biyu, mai lamba 675 kuma ya fi su daɗewa. Da zarar an ɓare takardar da ke bayansa iska ta shiga, ya fara aiki ke nan, ko an sa shi ko ba a sa ba. Mai caji tana kawar da wannan ɗawainiya, muddin akwai abin caji na ajiya saboda ranakun dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki. Ku tambayi mai sayarwa ko ana samun batirin da gyaran a nan Kumasi, ku kuma riƙa kwanar da ita cikin gwangwani mai sinadarin tsotse danshi, musamman da damina. A cire ta kafin alwala, kuma a ba Baba makonni kaɗan ya saba da ita a cikin gida kafin ya shiga da ita taron jama'a.