Hutu a bakin teku kusa da Bankok: Pattaya ko Hua Hin?

Tambaya: Ina zuwa Bankok saro kaya. A wannan karon zan taho da maigida da yaranmu, muna son mu yi kwana uku a bakin teku kafin mu juyo. Kowa Pattaya yake ce mini. Can ɗin za mu, ko akwai inda ya fi?

Amsa: Hajiya, tunda da yara za a tafi, Hua Hin zan ce muku. Pattaya ta fi kusa, kimanin kilomita 150 daga Bankok, amma garin ya fi suna da harkar dare, kuma akwai titunan da ba za ki so ki bi da yaro ba bayan magariba. Hua Hin kuwa tana kudu maso yammacin Bankok, kusan kilomita 200, kuma wurin hutun gidan sarautar Tailan ne tun shekarun 1920, lokacin da Sarki Rama na Bakwai ya gina fadar Klai Kangwon a can. Har yau garin na da wannan natsuwar.

Zuwa ba wuya. Akwai bas da ke tashi daga filin jirgin saman Suvarnabhumi kai tsaye, tafiyar awa uku zuwa huɗu. Jirgin ƙasa yana tashi daga babbar tashar Krung Thep Aphiwat. Ba ya sauri, amma yara za su ji daɗinsa. In kuna da yawa, shatar mota ta fi sauƙi. Ku dai guji fita daga Bankok ranar Juma'a da yamma, don a lokacin mutanen birnin ke tururuwa hutu, hanya kan cushe.

A cikin gari, ku ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta katako mai launin ja da ruwan madara, da kasuwar dare, da dutsen Khao Takiab. Birai ne cike da dutsen nan, kuma ba su da kunya, kada yaro ya riƙe leda ko abinci a hannu.

Abin da ya cancanci yini guda shi ne kogon Phraya Nakhon, a gandun dajin Khao Sam Roi Yot, kamar awa ɗaya a mota. Rufin kogon a buɗe yake ta sama, kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙaramin ginin sarauta da aka yi a 1890 saboda ziyarar Sarki Chulalongkorn. Da hantsi rana ke faɗowa daidai kansa, don haka sai an yi sammako. Daga ƙauyen Bang Pu za ku shiga kwale-kwale zuwa gaɓar Laem Sala, sannan a hau dutse a ƙafa wajen mita 430. Hawan da wuya. Mai ciwon gwiwa ko ƙaramin goyo gara su jira a bakin ruwa.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu aka fi jin daɗin yanayi. Oktoba ruwan sama ya fi yawa. Wajen abinci, naman alade na shiga girkinsu sosai, sai ki nemi inda aka manna tambarin halal. Kifi da jatan lande gasassu kuwa ko'ina akwai. Katin rigakafin cutar shawara na kowa, har yaran, ya kasance a hannu tare da biza, domin ana tambayarsa ga masu zuwa daga Najeriya da Nijar.